Ruwan Da Na Ce Ba Shi Da Sarki

Tun da muka dawo daga Saliyo mutane suke tambayata yadda tafiyar ta kasance. A shagon ɗinkina na Gwandu ana tambaya, in na je gida Kalgo ana tambaya. Da can nakan ce su je wurin Yaya Arzika, ya fi ni baki. Yanzu wata bakwai ke nan da muka binne shi, tambayar ta dawo kaina ni kaɗai. Na ga gara in rubuta sau ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa in ana hira.

Mu uku ne a ɗakin mahaifiyarmu: Arzika, Hajo, sai ni Manu, wanda suke kira Auta. Arzika masunci ne kamar mahaifinmu. Ni ina shekara tara aka kai ni Gwandu wurin kawunmu, na yi firamare, na koyi ɗinki, gulbi ya zama wurin da nake zuwa wanka in na zo hutu. Hajo ta auri wani ɗan kasuwa mutumin Gwandu, Alhaji Labbo, ya tafi da ita Firitawun, babban birnin Saliyo. Shekara goma sha takwas ba mu ganta ba, sai kaset da take aikowa da muryarta. A kaset na ƙarshe ta ce za ta aurar da 'yarta ta fari, kuma in ba wanda ya zo daga ɗakinmu ba za ta yafe ba. Inna ta tsufa. Aka ce mu biyu mu tafi, Arzika don shi ne babba, ni don ni ne mai Turanci.

Mun tashi da bazara, a bayan wata a-kori-kura, ta Bunza zuwa Kamba. Kayana akwati ɗaya ne, a ciki har da sabuwar rigar safari da na ɗinka wa kaina. Kayan Arzika kwando ne cike da bandar kifi, tarwaɗa da ƙarfasa. Na ce masa ƙasar da za mu je bakin teku take, kifi ya yi musu yawa. Ya ce, "Kihinsu nasu ne, Auta. Wanga na gulbin ubanta ne."

A iyakar Gaya na fara sanin matsayina. Jandarma ya karɓi takardunmu, na gyara tsayuwa na zuba masa Turancin da na shirya tun daga gida. Ya dube ni kamar tari na yi. Arzika ya matso ya gaishe shi da Zabarmanci, wanda ya koya wurin masuntan kogin Kwara. Suka yi dariya, jandarman ya zura hannu cikin kwando ya zaɓi tarwaɗa biyu, ya buga mana hatimi. Tun daga nan duk iyakar da muka isa kwandon ne yake magana. Da muka koma mota Arzika ya ce, "Auta, ka adana Turancin ga, kar shi ƙare ba mu isa ba."

A Wagadugu mun sauka a zangon Hausawa, gidan wani dattijo da kakansa ya fito daga Katsina fataucin goro bai koma ba. Ya karɓe mu kamar ya san iyayenmu, amma Hausar jikokinsa sai ka saurara sau biyu. Abin da ya fi ba Arzika mamaki mata ne a kan babur, wata da goyo, wata da tulu a baya. Ya yi salati ga ta farko da ta biyu, daga nan ya gaji ya zuba ido. Tuwonsu na dawa ne irin namu, sai dai suna sa masa tsami tun a tukunya. Ni na kasa ci, shi ya haɗa da nawa.

A Bamako muka sake haɗuwa da kogin Kwara, ya yi faɗin da ban taɓa gani ba. Motarmu ta Gini ba za ta cika ba sai washegari, sai muka gangara bakin ruwa. Zafi ake yi, na fara cire riga. Arzika ya riƙe mini hannu. Ya sayi goro, ya bi masunta yana tambaya da hannu da baki har aka kai shi wata rumfa wurin wani tsoho. Ni na tsaya nesa ina fifita da hulata. Sai da ya dawo sannan ya ce in shiga.

Wanda bai tashi cikin masunta ba, zai ga abin kamar wasa. A wurinmu kowane ruwa yana da sarkinsa, mutumin da ya gaji sanin wurin, ya san inda kada yake da inda rami yake, shi ke buɗe ruwa kafin a shiga su. Baƙo ba ya shiga sai an nema masa izini. Arzika bai taɓa karya wannan ba. Ni kuwa na daɗe ina jin wa'azi a kaset ana cewa duk camfi ne, kuma a lokacin na fi karkata ga kaset ɗin. Na dai yi wankana.

Hanyar Gini ita ta fi wahala. Kwana huɗu muna hawa duwatsu muna sauka, an cusa mu a mota kamar buhuna, an ɗaure akuya biyu a kan rufi. Akwatina yana ƙarƙashinsu. Ban gane abin da ke ɗigowa ta taga ba sai da muka tsaya salla na hau na duba, na tarar fitsarinsu ya jiƙa akwatin. Fulanin da muke tare da su suka yi ta dariya, Arzika yana taya su da Fulatancin da ya koya wurin masu sayen kifi. Ya ce musu, "Wanga ɗan boko ne. Rigar ganin Turawa ce akuya ta sa ma albarka." Na yi fushi har Konakiri.

A kwana na goma sha biyu muka isa iyakar Saliyo. Soja ya yi mini tambaya da Turanci, na amsa, ya gane, ya buga hatimi ko kallon kwandon bai yi ba. Na waiwayi Arzika don in tabbata ya gani. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ya hwara aiki." Daga ranar duk maganar da zai yi da mutanen ƙasar sai ta bi ta bakina, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin haka.

Da Hajo ta gan mu ta tsaya a ƙofa tana kallonmu. Ta yi ƙiba, ɗaurin zaninta ya zama irin nasu. Arzika ya ajiye kwandon a gabanta. Kifi biyar suka rage a ƙasa, duk sun farfashe. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Arzika ya ce, "Ke Hajo, in kuka za ki yi, yi wa jandarmomi, su suka cinye rabonki." Ta yi dariya hawaye yana zuba.

Firitawun gari ne da aka jingina a jikin dutse, gidaje na katako, teku a ƙasa. Jiki ba ya bushewa ko ba ka yi aikin komai ba. Shinkafa suke ci safe da yamma, da miyar ganyen rogo da manja. In ka ba mutumin can tuwo ya ƙoshi, zai ce maka yau bai ci abinci ba. A wurin ɗaurin aure na ga abin da ban saba ba. Dangin ango rabi Musulmi ne rabi Kirista, uwa ɗaya uba ɗaya, liman yana addu'a Kiristocin suna tsaye a baya da huluna a hannu. Biki ya yi kyau. Amma ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Alhaji Labbo yana kai raguna wani otal na bakin teku inda Turawa ke sauka. Bayan biki ya ce yana son ya yi mana abin da za mu riƙa faɗa a gida. Otal ɗin yana da jirgin ruwa mai gudu da ke kai baƙi tsibirai su yini, kuma an ba shi kujera biyu. Shi kansa bai taɓa shiga ba, ya ce ko gada zai haye rufe ido yake yi. Amma ya ji ana cewa akwai wani madubi da ake ɗaurawa a fuska, da bututu a baki, mutum ya kwanta a kan ruwa yana numfashi yana kallon kifi a ƙasa kamar yana kallon kaji a tsakar gida.

Arzika ya ajiye kofin shayinsa. "Kana ganinsu? Da ransu?"

Alhaji ya ce, "Haka masu zuwa suke faɗi, Yaya."

Arzika ya juyo gare ni. "Auta, shekara arba'in ina nutso. Ruwanmu ka san shi, in ka shiga ko hannunka ba ka gani. Da lalube nike kama su. Na san bayan giwan ruwa da hannu, na san ƙayar kurungu, ga tabonta nan. Amma ban taɓa ganin kihi cikin gidanai ba. Sai na hiddo shi yana mutuwa nike ganinai."

A iya sanina da shi, ban taɓa jin ya faɗi abin da ransa yake so ba sai ran nan.

Mun isa bakin teku da hantsi. Jirgin fari ne, da inji biyu a baya. Turawa shida ne, sai mu biyu, sai direba, sai jagoranmu, wani mutumin ƙasar mai suna Jona, mai fara'a, Turancinsa da sauƙin ji. Ni ina cikin rigar safari da Hajo ta wanke sau uku. Arzika yana cikin taguwarsa ta kullum da malafa.

Da jirgin ya tashi sai hancinsa ya ɗaga sama, yana dukan ruwa kamar mota a kan hanya mai gargada. Na kama ƙarfe da hannu biyu ina karanta duk abin da na haddace. Arzika a tsaye yake. Iska ta ɗauke malafarsa bai ko waiwaya ba, yana ɗaga murya yana ce mini, "Da za a kai wanga Kalgo, da kihi sun yi hijira!" Ruwa ya fantsamo masa a fuska, ya lasa, ya tofar, ya sake lasa. "Auta, wa ya zuba ma ruwan ga gishiri haka?" Wasu Turawa mata biyu suna kallonsa suna dariya. Ɗaya ta ɗaga kyamara ta ɗauke shi hoto ba ta tambaya ba. Shi bai damu ba. Ni ne kunya ta kama.

Bayan kamar awa ɗaya tsibiran suka bayyana, kore shar, da itatuwan kwakwa har bakin ruwa. Mun fara tsayawa a wani ƙaramin ƙauye, ba a kashe inji ba. Jona ya sauka da ƙulli a hannu, ya je wurin wani tsoho mai gyaran taru a gindin bishiya, ya durƙusa, ya dawo. Na ɗauka saƙo aka ba shi. Arzika yana baya wurin direba, hankalinsa duk yana kan injin.

Daga nan muka zagaya bayan tsibirin, wani lungu da ruwa ya kwanta. Aka jefa ƙugiyar tsayar da jirgi, na bi ta da ido har ta zauna a kan yashi. Ban san akwai ruwa mai haske haka ba. Jona ya raba mana madubin fuska da bututu da takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa. Arzika ya karɓi nasa da hannu biyu. Ya cire taguwa, ya ɗaure wando tamau, ya sa madubin, ya zauna a gefen jirgi ya sauke ƙafa. Saura kaɗan ta taɓa ruwa sai ya janye ta.

"Auta, tambaye shi. Wa ke da ruwan ga? An gaishe shi?"

Na ce, "Yaya, nan teku ne."

"Na ga teku ne. Tambaye shi."

Turawan sun juyo suna jiran mu ba su hanya. Mai kyamarar ta sake ɗaga ta. Na harhaɗa tambayar da Turanci a cikin kaina, sai na ji yadda za ta fito, na hango su suna ba da labarinmu a ƙasarsu, mutanen daji da suka zo neman sarkin teku. Sai na juya ga Jona na tambaye shi ko ruwan yana da zurfi a nan. Jona ya girgiza kai, ya ce a'a, bai wuce tsawon mutum biyu ba, kar mu ji tsoro.

Arzika ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce nan ba su da wannan al'adar. Ruwan ba shi da sarki, kowa shiga yake yi."

Allah ya sani na ɗauka sauƙaƙa masa na yi. In babu sarki babu wanda za a nemi izininsa, sai ya shiga kawai. Tunanin wanda ya bar gulbi yana shekara tara ke nan.

Arzika ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya cire madubin a hankali, ya goge shi da taguwarsa, ya ajiye a cinya. Ya ce, "Babu ruwan da ba shi da mai shi. Sai dai sun manta da shi, ko sun raina shi. Ruwan da aka raina mai shi ba ni shiga."

"Yaya, ga mata ma sun shiga."

"Su ba su sani ba. Ni na sani." Ya dafa kafaɗata. "Kai shiga. Kai ma ba ka sani ba. Ka gano muna."

Na shiga. Da farko na sha ruwan gishiri ta bututun har na ƙware, Jona ya riƙe ni ya nuna mini yadda ake yi. Da na kwantar da fuskata sai duk ƙara ta ɗauke, ba na jin komai sai numfashina. Akwai duwatsu a ƙasa masu rassa kamar itace. Kifi suna shiga suna fita a tsakaninsu, wasu shuɗi da rawaya a wutsiya, wasu da zane baƙi da fari kamar saƙi, wasu ƙanana farare da yawa suna juyawa tare kamar an ba su umarni. Wani yana tsinkar dutse da baki kamar akuya a jikin danga. Ɗaya daga cikin shuɗin ya zo ya taɓa mini yatsa.

Duk sanda na ɗago kai Arzika yana nan ya sunkuyo daga jirgi. "Suna tahiya tare ko ɗai-ɗai? Manyan na ƙasa ko na sama? Bakinsu sama ya duba ko ƙasa?" Tambayoyin da ban san a yi su ba. In na kasa amsawa sai ya ce in koma in duba da kyau. Jona ya nuna masa da hannu cewa ko daga jirgi yana iya sa madubin ya tsoma fuska kawai. Arzika ya yi murmushi ya ce in faɗa masa fuska ma jiki ce.

Da rana ta take aka mai da mu ƙauyen nan don cin abinci. Shinkafa ce da gasasshen kifi da ruwan kwakwa, da wani ƙwaron teku mai ƙafafu kamar ƙatuwar kunama, wanda Turawa suka yi ta yabawa mu kuwa muka tura gefe. Mun yi azahar a inuwa. Jona ya kwashi baƙi ya nuna musu wani tsohon coci, da igwa mai tsatsa, da kangon da ya ce a nan ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Na bi su. Arzika ya ce shi ya ga mai taru, can za shi.

A hanyar dawowa Jona ya jero da ni. Ya ce, "Ɗan'uwanka bai iya ruwa ba ne?"

Na ce duk jirgin nan babu wanda ya kai shi. Don in kau da maganar sai na tambaye shi tsohon da ya kai wa saƙo da safe.

Ya ce, "Ba saƙo ba ne, goro da taba ne. Shi ke riƙe da ruwan nan. Ba jirgin da ke sauke mutane a wurin can sai an gaishe shi, tun zamanin kakana haka ake yi. Turawa ba sa tambaya, ni ma ba na faɗa. Yau ya ce ruwa lafiya lau har rana ta karkata."

Ban san abin da na amsa masa ba. Na dai tuna na tsaya na gyara takalmina wanda ba abin da ya same shi.

Da muka fito fili na hango su a gindin bishiyar, Arzika da tsohon, gwiwa da gwiwa, taru a tsakaninsu. Ba kalma ɗaya da suka haɗa. Arzika yana nuna masa ƙullin wurinmu, tsohon yana warwarewa yana nuna masa nasu, suna dariya. Can sai tsohon ya tashi ya je bakin ruwa ya jiƙa hannunsa, ya dawo ya dafa ƙirjin Arzika, ya nuna masa teku. Arzika ya dube shi, ya waiwayo ya dube ni inda nake tsaye, sannan ya girgiza kai ya kama hannun tsohon da nasa biyu. Na ɗauka sallama suke yi.

Taku goma ne tsakanina da su. Amma ban san ta inda mutum yake fara ce wa yayansa na yi maka ƙarya ba. Jona ya riga ya ce akwai sauran tsayawa ɗaya da yamma, wurin da ya fi na safe, har da kunkurun ruwa. Sai na ce wa kaina a can zan faɗa, daidai lokacin da za a raba madubi, ya shiga nan take, faɗan ya biyo baya in ya fito yana murna.

Mun koma jirgi, mun yi kamar minti goma, sai iska ta canja. Gabas ta yi baƙi. Direba ya yi wa Jona magana, Jona ya tashi ya ba baƙi haƙuri, ya ce ba za a tsaya ba, gida za mu nufa. Mun dawo a jiƙe. A bakin teku Arzika ya miƙa wa Jona madubin, wanda ya yini a cinyarsa. Ya ce, "Ce mai na gode." Wannan na faɗa daidai.

Na ce zan faɗa a gidan Hajo, ban faɗa ba. Na ce a hanya, kwana goma sha ɗaya muna kafaɗa da kafaɗa a mota, ban faɗa ba. Da muka iso gida kuwa Arzika ya fara ba da labari. A ƙofar gida, a bakin gulbi, a wurin suna, mutane suna taruwa yana faɗa musu ƙasar da mata ke tuƙa babur, da akuyar da ta sa wa rigata albarka, da ruwan da ya fi idon zakara haske amma ba shi da sarki. Masunta suna girgiza kai suna cewa duniya ta lalace. In aka tambaye shi kifin sai ya ce, "Wanga sai Auta, shi ya gani." Duk mako maganar tana ƙara nauyi a bakina. Na rage zuwa Kalgo, na ce aiki ya yi yawa.

Ƙarshen damina ciwon ƙirji ya kama shi. An kai shi asibiti a Birnin Kabi, aka dawo da shi ba sauƙi. Na zo wata ranar Laraba bayan la'asar na same shi a kan tabarma a zaure, ya rame har zoben hannunsa yana zamewa. Na zauna na ce, "Yaya, akwai maganar da nake son in faɗa maka tun Saliyo."

Ya ɗaga hannu. "Tsaya tukuna. Shuɗin nan mai rawaya ga wutsiya. Kac ce bai gudun mutum?"

"Ba ya gudu. Har yatsa ya taɓa mini."

"Allah sarki," ya ce. "Bai san mu ba."

Tari ya sarƙe shi, matarsa ta kawo ruwa, ya sha ya lumshe ido. Na zauna har barci ya ɗauke shi. Ranar Juma'a da safe ya cika.

A zaman makoki masunta sun zo daga Diggi da ƙauyukan gulbi. Abin da suka fi yabonsa da shi shi ne wannan: mutum ya yi tafiyar kwana goma sha biyu, ya ga ruwan da yake marmari, ya ƙi shiga don ba a girmama mai shi ba. Ina zaune a tsakiyarsu ina amsa gaisuwa.

Bayan sadakar arba'in na je wurin sarkin ruwanmu, tsoho ne abokin mahaifinmu, muna kiransa Baba Sarki. Na same shi a bakin gulbi yana ɗinke homa, ragar da ake su da ita, da ƙwaryar ruwa a gefensa. Na faɗa masa komai daga farko. Bai ɗago kai ba sai da na zo kan tsohon tsibiri da abin da ya yi wa Arzika. Nan ya ajiye aikin.

"Sake hwaɗi."

Na sake. Ya tsoma hannu cikin ƙwaryar, ya dafa ƙirjina, ya nuna gulbi. "Haka?"

Na ce, "Haka, Baba."

"Haka ubana ke buɗa ma baƙo ruwa, haka nike yi. Arzika ya gani ya hi sau ɗari."

Na ce, "To me ya hana shi shiga?"

Ya dube ni kamar mai tunanin ko ya faɗa ko ya bari. Sannan ya ce, "Kai ne bakinai ran nan, kuma ka riga ka yi magana. In ya shiga, ya ce ƙanenai maƙaryaci ne ke nan. Jira yake ka warware da kanka. Da ba ka warware ba, sai ya ɗauki maganarka ya riƙe ma."

Ban sani ba ko haka ne, wanda zai tabbatar mini ba ya nan. Baba Sarki ya ɗauki homarsa ya ci gaba da ɗinki. Na zauna kaɗan, na yi masa sallama na tashi. Shatin hannunsa yana nan a jiƙe a gaban rigata, na bi gefen hanya da hulata a ƙirji har na isa tashar motar Gwandu.